Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce

'Yan uwa, musamman iyaye mata, don Allah ku riƙa lura da fitsarin yaranku masu zuwa wanka a kududdufi ko rafi. In kun ga ɗigon jini yana biyowa a ƙarshen fitsari, ko tabonsa a wando, kada ku yarda da maganar nan cewa yaro ne ya fara balaga. Galibi tsargiya ce.

Ƙodojinmu biyu suna tace ruwan jini kusan lita 180 kullum, su fitar da fitsari lita 1 zuwa 2, siririn bututu ya gangara da shi mafitsara. To, a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsarar nan tsutsar tsargiya ke zama, ƙwayayenta su maƙale a bangonta har ya yi ta zubar da jini. Daga dodon koɗi take fitowa, ta shiga fatar yaro yana cikin ruwa.

In aka yi sakaci shekaru, bututun na iya toshewa, ƙoda ta lalace. A kai fitsarinsa asibiti, an fi so na tsakar rana, lokacin ƙwan ya fi fita. Maganinta praziquantel, likita ke auna shi da nauyin yaro.