Yadda ake gina tatsuniyar dabbobi da za ta koya wa yaro ladabi a Zangon Kumasi

Uwa a Aboabo ko Asawase takan ce wa ɗanta "ka riƙa gaida mutane" sau goma a yini, ya ce to, ya fita ya wuce Alhajin ƙofar gida kamar ya wuce turken akuya. Ba taurin kai ba ne kullum. Kalmar "ladabi" ba ta da hannu ba ta da ƙafa, yaro ɗan shekara biyar ba shi da inda zai kama ta. Abin da yake iya kamawa shi ne aikin da ya ji wata dabba ta yi, da maganar da ta faɗa, da abin da ya biyo baya. Don haka duk aikin mai tatsuniya shi ne ya mayar da halin kirki ya zama abin da ake yi da gwiwa, da hannu, da baki, yadda yaro zai iya kwaikwaya gobe da safe.

A fara da zaɓen hali guda ɗaya tak. Sallama kafin a ɗaga labulen ɗakin maƙwabta, wanda a gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ko karɓar abu da hannun dama, abin da Bahaushe da mutumin Asante duka suke lura da shi a wajen yaro. Ko amsa kira da "na'am", ko rusunawa a gaida babba, ko gutsura wa ƙane ƙosai. In aka cusa uku a labari ɗaya, yaron zai tashi da sunayen dabbobin kawai.

Sai zaɓen dabba, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Dabbobin tatsuniya sun zo da halinsu tun daga kakanni: Zaki sarki ne, Kura haɗama da wauta, Dila malamin daji, Gizo kuwa wayo da ha'inci, matarsa Ƙoƙi tana fama da shi. Ba a ɗaukar Kura a ce ita ce mai kunya, yaran da suka taɓa jin labarinta ba za su yarda ba. Gizo ya fi kowa haɗari ga wannan aiki. Yaron Kumasi ya riga ya san shi ta fuska biyu, domin a makarantar boko da wajen abokansa yana jin labarin Kwaku Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne mai zamba. Duk inda Gizo ya shiga labari shi ne ke kwashe dariya, wanda ya kwashe dariya kuwa shi yara suke so su zama. In ya yi ƙarya ya ci tuwon Kura ya tsira, darasin da aka kai gida ke nan, ko me aka faɗa a ƙarshe. Saboda haka ko dai a bar shi a gefe a tatsuniyar ladabi, ko a sa shi ya zama wanda ya biyo baya ya kwaikwayi mai kirki don kwaɗayi, asirinsa ya tonu.

Mai ladabin ya zama ƙaramin abu, marar ƙarfi, wanda yaro yake gani da idonsa: ɗan tsako, kurciya, tunkiya, kunkuru. Ƙadangare ma ya dace ƙwarai, tunda kullum yana kan katanga yana gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwa. Yawancin yaran Zango ba su taɓa ganin kura a daji ba, amma sun san awakin unguwa da halinsu na kutsa kai cikin kwanon mutane, waɗanda aka taɓa kaiwa gidan namun dajin da ke daura da kasuwar Kejetia kuma sun ga jemagu sun cika itatuwa. Da abin da suka sani ake gini.

Ƙashin bayan labarin tsoho ne, shi ne na 'yar bora da 'yar mowa: a aiki yaro na farko, ya gamu da abubuwa a hanya ya kyautata, ya komo da alheri, na biyu ya bi sawu da rashin kunya, ya ga abin da ya gani. Ga yadda za a ɗora shi a kan gaisuwa. Kaza ta aiki Ɗan Tsako ya kai wa Kaka koko da ƙosai. A bakin kwata ya tarar da tsohon Kunkuru ya kife ta baya, ƙafafu a sama. Ya ajiye kwano, ya rusuna, ya ce, "Sannu Baba Kunkuru, ina kwana?" Kunkuru ya ce, "Lafiya lau ɗana, sai dai ka ga yadda nake." Ya tura shi da baki har ya juyo. A gaba ya gamu da Inna Tunkiya buhun gawayinta ya kwance, ya gaishe ta da irin waccan gaisuwar, ya taya ta tsincewa. A ƙofar Kaka ga Ƙadangare mai gadi, wanda ba ya buɗewa sai an yi sallama. Da zai komo ruwan damina ya sauko, kwata ta cika, Kunkuru ya goya shi ya tsallakar da shi, Inna Tunkiya ta ɓoye shi cikin gashinta har ya bushe. Washegari Ɗan Akuya ya ce shi ma zai je. Ga Kunkuru ya ce, "Kai tsoho, kauce!" Ga Tunkiya ya tsallake gawayin. Ga ƙofa ya sa ƙaho. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, ruwa ya same shi a waje, koko ya zube.

A lura da abu uku a wannan gini. Haɗuwa uku ce, domin ta farko tana nuna gaisuwar, ta biyu tana tabbatar da ita, a ta uku yara da kansu suke riga mai labari faɗa, kuma wannan rigen shi ne ake nema. Kalmomin gaisuwar ba sa canzawa ko da harafi ɗaya. Sakamakon kuma daga jikin aikin ya fito: wanda aka taimaka shi ya taimaka. In aka ce Ɗan Tsako ya samu tukunyar zinariya saboda ya yi gaisuwa, za a wayi gari da yaro mai gaida baƙo yana kallon aljihunsa.

Hukuncin marar kunya shi ma yana da ma'auni. Tsofaffin tatsuniyoyi ba su da sassauci, ana cinye mutum ko a jefa shi rijiya. Wanda ya duba waɗanda Malam Shaihu ya rubuta da ajami a wannan ƙasa tun kafin a kira ta Ghana, waɗanda Bature Rattray ya buga a 1913, zai ga ba duka ne za a karanta wa ɗan yaye yadda suke ba. Ga yaro ƙasa da shekara bakwai, jiƙewa da ruwa, zubewar koko da jin kunya sun isa. Kuma a bar wa Ɗan Akuya ƙofar gyara: yana rawar sanyi ya koma ya ce, "Baba Kunkuru, ka yi haƙuri, ina wuni?" sai a tsallakar da shi. A cikin masu sauraro akwai wanda ya san shi ne Ɗan Akuya, yana bukatar ya ji yadda ake ba da haƙuri da baki. Dodo kuwa a ajiye shi. Da zarar ya shigo, tsoro ya cinye labarin, yaro ya ƙi fita fitsari da dare, gaisuwa ta bi iska.

Akwai wani gyara da zaman birni ya wajabta. Labarin da ya ce a yi wa kowane babba biyayya ba tare da togiya ba yana iya sa yaro ya bi wanda bai sani ba. A wani daren a ƙara Muzuru a hanya, mai daɗin baki, yana cewa, "Zo mana ɗana, ga masa a ɗakina." Ɗan Tsako ya gaishe shi daga nesa, ya ce, "Na gode Baba, Inna ta ce kada in tsaya," ya ƙara sauri.

Wajen faɗa, lokacinsa bayan sallar isha'i ne, an ci tuwo, tun da manya sun ce ba a tatsuniya da rana. Daren da aka ɗauke wuta ya fi kowane, talabijin ta yi shiru, sai dai a kife waya. 'Yan shekara uku zuwa biyar minti biyar ya ishe su, da haɗuwa biyu, a tsaya a komowar Ɗan Tsako. 'Yan shida zuwa tara suna ɗaukar minti goma zuwa sha biyar da zagaye biyun duka. A buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", kada a ci gaba sai kowa ya amsa "Ta zo mu ji ta". Wannan jiran shi kansa horo ne na sauraro. A sa waƙa mai layi biyu da amshi a kowace haɗuwa:

Ina za ka, Ɗan Tsako?
Gidan Kaka, da koko da ƙosai.

Mai labari ya ba da na farko, yara su karɓa da tafi. Murya uku sun wadatar: siririya ta tsako, mai kauri a hankali ta Kunkuru, mai gatsali ta Ɗan Akuya. Inda aka ce ya rusuna, mai faɗa ya rusuna da gaske. In yaro ya rasa wata kalma, kamar kurciya ko gawayi, a faɗa masa da Twi, harshen Asante, sau ɗaya a koma Hausa, amma gaisuwar ta tsaya da Hausa, da sunayen da ake kiran manya a gidan: in Mma ake cewa, Tunkiya ta zama Mma Tunkiya.

Abin da ya fi ɓata aikin abu biyu ne. Na farko nuna yatsa: "kamar wani da na sani a ɗakin nan." Daga ranar yaron ya daina jin labari, ya koma tsaron mutuncinsa, sauran kuma sun samu sunan tsokana. Na biyu wa'azi bayan an gama. A rufe da "Ƙurunƙus kan kusu" a yi shiru, in ana son tambaya, guda ɗaya ta isa, irin "me ya sa Ƙadangare bai buɗe ƙofa ba?", a bar su su yi gardama. Mai labarin da ke daka tsawa yana cewa "ku rufe min baki" a tsakiyar tatsuniyar ladabi kuwa, ya riga ya warware saƙarsa.

A maimaita labari ɗaya dare uku a jere ba tare da canji ba, ko da babba ya gaji da shi. Da rana, in yaro ya faɗo ɗaki ba sallama, a ce masa kawai, "Ƙadangare bai ji komai ba," ya koma ya sake shigowa. A dare na huɗu a ba shi ya faɗa wa ƙannensa. Zai rikita tsari, zai iya sa Kunkuru a mota, duk a ƙyale shi. Wuri ɗaya ake gyara masa: in ya tsallake kalmomin gaisuwar, a tambaye shi, "To, me Ɗan Tsako ya ce wa Baba Kunkuru?" a jira ya faɗa, sannan ya ci gaba.