Yadda zaka gane iyakar faɗin kolom ɗin tacewa kafin ka miƙa zane

Duk wanda yayi kemikal injiniyarin ya iya lissafin faɗin kolom, wato doguwar hasumiyar nan da ake hangowa tsaye a matatar mai, amma lambar da kwamfuta ta baka ba ita ce ƙarshen magana ba. Faɗi yana da iyaka ta ƙasa da ta sama, kuma duka biyun a fili ake cin karo dasu.

Fara da tururi, don yawanci shi ke yanke faɗi. Nemo inda yafi yawa a cikin kolom, ka fitar da gudun da in ya wuce shi zai riƙa ɗaga ruwa daga tire, wato faranti mai ramuka da ake jerawa hawa-hawa a cikin kolom, zuwa tiren sama har kolom ya shaƙe. Hanyar Souders da Brown ta 1934 har yau ita ce tushen wannan lissafi. Kada ka zauna a kan gudun daidai, tsaya wajen kashi 80 cikin 100, in kayanka mai kumfa ne ka sauko ƙasa da haka. Raba yawan tururin da gudun, ka ƙara wurin magudanar da ruwa ke sauka, diamita ta fito. Kayi lissafin a sama da ƙasan inda kayan da za a tace ke shiga, wani lokaci gara kolom mai faɗi biyu.

To in abinda ya fito bai kai kamar santimita 75 ba, ka manta da tire irin na kullum. Dalilin mutum ne. Wani ne zai kutsa ta manhol, ƙofar shiga kolom, mai inci 24, ya tsuguna tsakanin tire biyu da tazararsu bata wuce santimita 60 ba, sifana a hannu yana ɗaure noti, gumi na zuba masa a ido, in wurin bai ɗauki kafaɗarsa ba ai babu aiki. A nan sai ka koma ciko, zoben ƙarfe ko na roba da ake zubawa ciki, amma ka tabbata faɗin kolom ya ninka girman zoben Pall, wani nau'in cikon, sau 8 zuwa 10, in ba haka ba ruwa zai bi jikin bango ya sauka bai gamu da tururi ba. Ka kuma duba tsayi, kolom siriri da tsayinsa ya ninka faɗinsa fiye da sau 30 iska zata riƙa kaɗa shi.

A iyakar faɗi ta sama kuma ruwa ne ke fara bada matsala, kuma nan nake so a fi lura. In ka ninka diamita, filin tire zai ninku sau huɗu, ruwa ma haka, amma bakin da ruwan ke tsallakawa ya faɗa magudana sau biyu kawai ya ƙaru, kaga kenan ya cunkushe. Shi yasa manyan kolom ake raba tirensu hanya biyu ko huɗu. Sannan tire mai faɗin mita 10 in ya karkace ko da kaɗan, gefe ɗaya ruwa zai taru yana ɗiga ta ramuka, ɗaya gefen tururi na wucewa salin alin, tacewa ta lalace alhali a takarda komai lafiya lau. Kaurin bango ma yana tafiya da faɗi da firesha, shi kuwa kolom ɗin bakum, wanda ya saba fin kowa faɗi saboda tururi na buɗewa in matsi yayi ƙasa, sai an masa zobba masu ƙarfi kada iskar waje ta lotsa shi.

Sai hanya. Daga kamar mita 4 zuwa sama tirela ta fara wahala da gada da wayoyin lantarki da kwana. Kolom ɗin ɗanyen mai na matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana, wanda Sinopec ta ƙera a ƙasar Sin, ya haura mita 110 a tsayi, nauyi fiye da tan 2,000, ya iso Lekki a Disambar 2019, kuma ya yiwu ne don kamfanin Dangote ya gina tashar jirgin ruwa tasa kusa da matatar. Wanda aikinsa yake Kaduna ko Damagaram bashi da teku a ƙofar gida, dole ya bi hanyar da mota da tef ɗin awo tun kafin a yanka faranti ɗaya.

In lissafi ya wuce abinda hanya zata ɗauka, gwada ƙara tazarar tire ko ɗaga firesha kaɗan in kayan zasu jure ƙarin zafi, ko ka sa ciko mai tsari, wato wanda ake jerawa maimakon zubawa, da ke ɗaukar tururi da yawa. In duk bai isa ba, ko a kawo shi gunduwa-gunduwa ayi walda a wurin, wanda ke buƙatar ƙwararrun welda da gwajin kowane ɗinki, ko kuwa ayi kolom biyu ƙanana gefe da gefe a raba musu kaya.