Darasi na 14: Itacen da Turawa ke ƙonawa da itacen murhunmu

A karanta a hankali, kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya.

A Maraɗi da itace ake tuƙa tuwo, kowa ya san wannan. Turawa ma yanzu suna ƙona itace, suna ɗumama ɗaki da shi lokacin sanyi, har suna samar da wutar lantarki. Sai dai su ba faskare kaɗai suke turawa a wuta ba. Akan kuma niƙa itacen ya zama gari, a busar da shi, sannan inji ya matse shi ya fito ƙwaya-ƙwaya, kaurin kowace milimita 6 zuwa 8.

A arewacin Ingila akwai babbar tashar lantarki mai suna Drax. Da kwal ta fara aiki a 1974. Yau injinanta 4 da wannan ƙwayar katako suke aiki, kuma a wasu shekaru takan cinye kusan tan miliyan 7. Yawancinsa a jirgin ruwa ake kawo shi daga dazuzzukan Amurka da Kanada.

Masu wannan sana'a suna da hujja. Bishiya tana shan iskar kabon yayin da take girma. Iskar kabon ita ce ke taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. In an ƙona bishiya iskar ta fita, in wata ta tsiro a gurbinta sai ta shanye. Sun ce an yi kunnen doki ke nan, shi ya sa a lissafin gwamnatocinsu ba a rubuta wa tashar hayaƙin da ke fita daga bututunta.

To, amma a nan ne gizo ke saƙa. Ƙonawa ta yini ɗaya ce, girman bishiya kuwa na shekaru ne. Abin kamar bashi yake: an karɓa yau a dunƙule, biya sai a hankali, kuma sai in dajin ya sake tsirowa ba a mai da shi gona ko unguwa ba. Ga shi kuma in aka auna wutar da aka samu daidai wa daida, hayaƙin itace ya fi na kwal yawan kabon. Wani bincike na jami'ar MIT ta Amurka a 2018 ya ce biyan bashin kan ɗauki shekara 44 zuwa 104. A wannan shekarar masana kusan 800 suka rubuta wa Majalisar Tarayyar Turai suna jan kunnenta kan sare daji don wuta. Mu da fari ke ci wa tuwo a ƙwarya, shekara 44 ba jiran da za mu iya ba ne.

Ba duka aka zama ɗaya ba. Garin katakon da ke zube a shagon kafinta, ko ɓawon gyaɗa, ko ba a ƙona su ba ruɓewa za su yi. Ƙona irin waɗannan bashinsa kaɗan ne. Karan gero kuwa a yi hattara da shi, domin dabba na buƙatarsa, kuma shi ke rufe gona kada iska ta kwashe ƙasa.

Wata ɗaliba ta taɓa tambaya a aji: "Malam, mu ke nan mu daina girki da itace?" A'a, Inna. Manoman jiharmu sun riga sun nuna hanya. Tun wajen 1984 suka fara barin kututturen sabara da kalgo da gawo a gona. In tohon ya fito, sai a zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi a bari, a yanke sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Abin da aka yanke ya tafi murhu, saiwa tana nan da ranta, baɗi ta sake ba da wani. Da wannan dabara aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram.

A gida kuma, a bar itace ya bushe sarai kafin a sa shi a wuta. Ɗanyen itace ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa yake ƙarewa, ga hayaƙi mai cutar da ido da ƙirjin yara. A rufe tukunya, a kare murhu daga iska. Murhun da ake kira Mai Sauƙi ya fi na duwatsu uku tattalin itace.

Aiki

Me ya sa ƙona ɓawon gyaɗa bai zama daidai da sare bishiya sukutum ba? Ku tattauna biyu-biyu.

Wata uwargida tana ƙona dami 6 a mako. Da ta canza murhu sai ta koma dami 4. Dami nawa ta rage a mako 10?

Kowa ya rubuta sunayen itatuwa 3 da ke toho a gonarsa, ya zo da su ranar Laraba.