Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Farfaɗo da Tsohon Injin Wanki Mai Matsa Kaya

Kafin zuwan injin wanki mai yin komai da kansa, abin da matan Amurka suka sani shi ne baho mai ƙafa huɗu, da farfela a tsakiya tana juya kaya, sannan rola biyu a sama da ake tura rigar tsakaninsu su matse ruwan. Kamfanin Maytag na garin Newton a jihar Iowa ya yi fice a kansa tun daga samfurin Gyrafoam na 1922, bai daina ƙera mai rola ba sai 1983. Yau masu sha'awar kayan da suna bin gwanjo da rumbunan gonaki suna tsinto su, har akwai gidan adana su na Lee Maxwell a Eaton ta jihar Colorado, mai injuna sama da 1,000. Mabiya ɗariƙar Amish ta Amurka, masu guje wa kayan zamani, kuwa har gobe da su suke wanki.

Injunan nan ƙarfe ne na gaske. Yawancin ɓarnar da ake gani a jikinsu, sabon mai su ne ke yin ta a makon farko, saboda ɗoki.

Tun a wajen ɗauka ake fara tafka kuskure. Mutum ya ga injin ba zai shiga mota a tsaye ba, sai ya kwantar da shi yadda ya ga dama. Akwatin giyar da ke ƙarƙashin bahon cike yake da mai, yana kuma da ɗan ramin shan iska, ta nan man zai tsiyaye. A ɗaga kan matsin, wato ɓangaren da rola biyun suke, daga sandarsa, don zarewa yake yi, a ajiye shi gefe, a ɗaure injin a tsaye.

Ana isa gida kuma hannu sai soket. Kul! Wayar da ta shekara 60 robarta ta bushe ta tsattsage, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ba su da wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta kauce zuwa ƙasa. Ga baho na ƙarfe, ga ruwa, ga mutum tsaye a jiƙaƙƙen ƙasa. A sake waya mai baki uku, a haɗa at ɗin da jikin injin. Sannan a cire bel, a juya fulen giya da hannu a ji ko yana tafiya sumul, a gwada moto shi kaɗai. Wanda ya yi odar injin zuwa Najeriya ko Nijar ya tuna cewa motonsa na wutar Amurka ne, wajen bolt 115 da zagaye 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce da zagaye 50. Ba taransifoma, ƙonewa zai yi nan take. Ko da ita ma zai rage gudu ya riƙa ɗaukar zafi, don haka sauya moton ya fi kwanciyar hankali.

Inda aka fi yin asara mai ciwo shi ne farfela. Ƙa'ida a zare ta bayan kowane wanki, amma wa yake yi? Sabulu da gishirin ruwa sai su manne ta da sandar da take kai. Mai gaggawa ya kawo guduma da ƙarfen ɓamɓara, ya fasa farfelar, wani lokaci har ya lanƙwasa gindin bahon. Abin da take so ruwan zafi ne. A cika bahon har ya rufe ta, a bar injin ya juya, a kashe, a kama ta da hannu biyu a ja sama a miƙe. In ta ƙi, a maimaita gobe da jibi, ana ɗiga man sassauta tsatsa. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da ta fito a goge sandar, a shafa mata ɗan basilin.

Sai ta fito ake ganin sil ɗin da ke ƙarƙashi, wanda ke hana ruwa gangarawa cikin giya. Idan ka ga mai yana bin ƙafar injin, kada ka ce ƙarin mai yake so. Sau da yawa ruwa ne ya shiga ya turo man waje. Man da ya koma fari-fari kamar koko shaida ce. A zubar, a wanke akwatin, a sake sil da gasket, sannan a zuba sabo. Ƙara mai a kan ruwa ɓata kuɗi ne, haƙoran giyar kuma suna can suna tsatsa.

Rola ba ta son a bar ta a matse. In aka gama aiki ba a sassauta ba, robobin su manne ko su yi shafaffen gefe. Waɗanda suka riga suka manne a raba su da ruwan ɗumi da sabulu, ban da wuƙa, ban da fetur. Kafin a tura ko hankici, a buga sandar gaggawar da ke saman matsin a tabbatar tana buɗe rolar nan take. Wannan na'ura ta murƙushe hannayen yara da yawa a zamaninta, ta kama gashi da hannun riga. Wasu samfuran baya-bayan nan suna da wata robar iska da ake takawa, da an ɗaga ƙafa rolar ta tsaya. Idan ta fashe akan ci gaba da aiki ba tare da ita ba. A ganina wannan ganganci ne, musamman a gidan da ke da yara.

Sai masu son ƙyalli. Bahon samfurin Maytag E2L mai kusurwa huɗu na alminiyon ne, soda irin ta haɗa sabulu cinye shi take yi, buroshin ƙarfe kuma ya bar zane. Na N2L zagayayye rufin tangaran gare shi, sanfefa na kashe shi. Tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, wadda Amurka ba ta hana sa ta a fentin gida ba sai 1978, don haka kada a kankare shi a bushe ana shaƙar ƙurar. Ni dai injin da fentinsa da tambarinsa na asali ke nan, ko sun koɗe, na fi son a wanke a bar shi haka. In dole sai an fesa, a ɗauki hoton tambarin, a kuma kare lambar injin, don da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi.

Masu injin fetur, wato Model 92 mai silinda ɗaya (1927 zuwa 1937) da Model 72 mai biyu (1937 zuwa 1952), an yi su ne don gonakin da lantarki bai kai ba. Ba su da ma'ajiyar baƙin mai, a cikin fetur ake gauraya shi, kashi 1 na mai cikin 16 na fetur. Wanda ya bi ma'aunin injunan zamani masu shan mai kaɗan zai cinye bushin. In an taka fedar tayarwa ya ƙi tashi, kafin a zargi koyil a wanke tanki daga tsohon fetur da ya daskare, a goge foyin, a duba kondensa. Kada kuma a tashe shi a ɗaki rufe. Dogon bututun hayaƙin da yake zuwa da shi, ta taga ko ƙofa ake fitar da bakinsa.