Yadda ake fitar da man ƙamshi daga tsirran daji a gwada shi kan ƙwayoyin sankara

Aikin yana farawa tun daga daji. A tsinko ganyen nobe ko daddoya da safe bayan raɓa ta bushe, a rubuta wuri da kwanan wata, a kai samfuri ɗaya ma'ajiyar tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, masana su tabbatar da sunansa su ba shi lamba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin daddoya iri ɗaya takan ba da mai mai yawan sinadarin yujinol a wani wuri, a wani wurin kuma sinadarin taimol ne ya fi yawa. A shanya ganyen a inuwa kwana 5 zuwa 7. Rana tana kwashe ƙamshin, ƙamshin kuwa shi ne man.

A zuba giram 100 na busasshen ganye a tulun gilashi mai cin lita 2, a ƙara lita 1 na ruwa, a haɗa da na'urar Clevenger, wato bututun gilashi da ke sanyaya tururi ya tara man a saman ruwa, a bari ya tafasa a hankali na awa 3. Idan wuta ta yi yawa, kumfa za ta hau bututu, ganyen ƙasa ya ƙone ya ɓata man. Idan ruwan sanyaya bututun ya ɗauki ɗumi, man zai bi iska ya tafi. Abin da ake samu kaɗan ne, sau da yawa bai wuce mililita 1 ko 2 ba. A tsane shi da busasshen sodiyam salfet, wani gishiri mai shanye ruwa, a rufe a kwalba mai duhu, a ajiye a firiji a digiri 4. Sai a kai ga na'urar GC-MS, mai rarrabe sinadarai, a ga abin da ke ciki. Man nobe na yankinmu yawanci sinadarin piperiton ne ya rinjaye shi.

Gwajin da aka fi yi shi ne na MTT, wani sinadari da ƙwayoyin halitta masu rai ke mayarwa launin shuni, wanda masanin kimiyya Mosmann ya bayyana a 1983. Ana shuka ƙwayoyin sankarar mama da ake kira MCF-7 ko na hanta da ake kira HepG2 a faranti mai ramuka 96, kimanin 5,000 zuwa 10,000 a kowane rami, a bar su awa 24 su kama. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, don haka a narka shi a ruwan sinadarin DMSO kafin a zuba a ramukan, amma kada DMSO ya wuce kashi 0.5 cikin 100, in ba haka ba shi zai kashe ƙwayoyin a yaba wa man. Bayan awa 48 ko 72 da zuba man a sa MTT, a jira awa 3 zuwa 4, a narka launin shunin da masu rai suka fitar, a auna ƙarfin launin da na'urar auna haske a nanomita 570.

Nan ne aka fi yin kuskure. Man ƙamshi yana tashi, tururinsa ya ratsa zuwa ramukan da ba a sa masa ba, sai lissafin ya rikice gaba ɗaya. A liƙe farantin da ledarsa, a nisanta ramukan kwatanci, wato waɗanda ba a sa wa man ba, a cika ramukan gefe da ruwan gishirin PBS kawai. A bar rami mai mai da MTT babu ƙwayoyi, saboda wasu sinadaran suna sauya launin da kansu. Kuma dole a gwada man kan lafiyayyun ƙwayoyi irin su Vero, wato ƙwayoyin ƙodar biri. Man da ya kashe mai ciwo da mai lafiya daidai wa daida guba ne.

Game da hano, wato ararrabi: sinadaran boswelik da ake yawan ambato a batun sankara suna da nauyi, ba sa bin tururi, saboda haka suna cikin ƙaron, ba a man ƙamshinsa ba.

Kashe ƙwayoyi a faranti matakin farko ne kawai, saura gwajin dabbobi da na mutane. Har yanzu babu man ƙamshin da aka amince da shi a matsayin maganin sankara, kuma shan sa tsantsa yana iya ƙona ciki ya taɓa hanta. Mai ƙulluto a mama ko wani ciwon da ake zargi ya tafi asibiti da wuri, ya kuma gaya wa likita duk wani maganin gargajiya da yake sha.