Yadda za ka ambaci abokin aiki na ƙetare a imel

Malaman jami'a a Samaru masu musayar imel da Amurka ko Ingila sukan ga wakilin suna, kamar "he", "she" ko "they", a ƙasan sa hannun mutum, wato kalmar da yake so a ambace shi da ita. Can ana muhawara a kai, musamman game da masu sauya jinsi: wasu na ganin ladabi ne, wasu na ganin tilastawa ce.

Duba sa hannun kafin ka amsa. In babu komai, kira mutum da muƙami, Dakta ko Farfesa, sannan sunan. Kada ka yi hasashe daga suna kaɗai, nan aka fi zamewa. Fassara zuwa Hausa ta fi wuya, tunda har "kai" da "ke" suna bambanta jinsi. "Ku" da "su" na girmamawa kan fitar da kai. In ka kuskure, gyara a taƙaice, ka koma kan batun aikin.