Idan jemage ya faɗo a tsakar gida

Lokacin mangwaro a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, jemagu kan cika bishiyoyi da dare, da safe a tarar da ɗaya a ƙasa. Wani nau'in jemage mai cin 'ya'yan itace yana ɗauke da ƙwayar cutar Marburg, wata cuta mai kawo zazzaɓi da zubar jini, wadda ta kashe mutane a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu ta kudu, a 2023. Shi jemagen lafiyarsa lau, mutum ne ke kwanciya.

1. Ku kori yara da karnuka daga wurin tukuna. Yara su ne abin tsoro, don sai sun tsokane shi da kara.

2. Kada hannu ya taɓa shi, ko a mace ko da rai. Ku sa leda biyu a hannu, ku kwashe shi da shebur.

3. Ku haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, ku binne.

4. Ku zuba ruwan jabel, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, inda ya kwanta, ku wanke hannu da sabulu.

5. Mangwaron da ke da shatin haƙori a zubar, komai nunarsa. Yanke gefen da aka ci bai isa ba.

6. In ya ciji wani, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar. In zazzaɓi ya taso cikin kwana 21, ku gaya wa likita maganar jemagen.